Shuɗin Duron da Na Fitar daga Challawa

Ni dai Allah ya yi ni da baki, kuma ban taɓa iya riƙe shi ba. A kamfanin fatar da na yi aiki a Challawa, farkon shekarun tamanin, in aka ji hayaniya ta tashi wajen injin aske fata ba a tambayar ko waye. Shekarata shida a kan injin nan, ina tura fata tana fitowa sumul, hannuwana sun sha magani har sun koma kamar na marini.

Akwai wata al'ada da muka tarar a kamfanin. Duk duron da aka juye maganin cikinsa, na ma'aikata ne, ana bi layi, yau kai gobe wani. Ba a rubuce take ba, amma ko manaja ya san da ita. Duro ne na roba, mai murfi, mutum biyu ba sa ɗaga shi in ya cika. A Panshekara, inda famfo ke zuwa ranar da ya ga dama, wanda ya mallaki irinsa ya huta da rigimar 'yan garuwa. Muna kuma da namu ilimin a kan durorin. Shuɗi na man tausasa fata ne, a wanke shi a zuba ruwan sha. Baƙi na guba ne, sai dai a tara shara a ciki. Sabon lebura ma kafin ya san hanyar bayan gida ya san wannan.

Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Kaya suka daina shigowa daga waje, sabon duro ya yi wuyar gani. Masu kawo mana magunguna daga Bompai suka aiko cewa ba za su ƙara sauke mana cikakke ba sai mun mayar musu da fanko, su sake cikawa. Aka liƙa takarda a bakin geti: daga yau kowane duro dole ya koma, wanda aka kama da shi a bakin aikinsa. Ranar kuwa layi ya zo kaina. Ni ne na gaba, har na riga na yi wa Inna, mahaifiyata, alkawari.

Wanda aka ɗora wa kula da durorin shi ne mai haɗa magunguna, wani mutumin Filato, Kirista, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son a ji. Da shi na yi ta yi. A kantin cin abinci na tare shi gaban kowa na ce, "To ɗan gaban goshin manaja, an ba ka gadin bola, sai ka sa hula."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce, "Malam, duro ɗaya yana iya zuwa ya dawo har ya tsufa. In babu duro babu magani, in babu magani injinka ne zai fara tsayawa, ba ofishin manaja ba. Sannan masu kai su gida a bakin rafi suke ɗauraye su. Ruwan nan kogi yake shiga, da shi masu lambu ke ban ruwa, salak ɗin da ke gabanka daga can yake."

Na ce, "Kai, raba ni da wa'azi! Kamfanin da ke sakin baƙin ruwa mai wari cikin kogin nan kullum, shi ne yau ɗaurayar duro ta dame shi?"

Ya ce, "Wannan ma laifi ne. Amma shi ba a hannuna yake ba, wannan kuwa a hannuna yake."

Aka yi dariya, ni aka yi wa ko shi ban sani ba. Abin da ya ƙara tunzura ni, abokaina da ke aiki a Sharada har lokacin ana ba su nasu, suna ɗauro su a bayan keke suna wuce mu. Doka a kamfaninmu kaɗai, sai na ɗauke ta zalunci. Bayan kwana biyu na zaɓi shuɗi mai kyau a bayan sito, na tura shi ƙarƙashin guntayen fata a motar da ke kwashe su. Maigadi ya juya baya yana gyara butarsa. Da yamma duro yana tsakar gidan Inna, tana ta sa mini albarka.

Kusan mako uku ban ƙara tunawa da shi ba. Ni da iyalina muna haya a wata unguwar, kuma ana ta aikin ƙarin lokaci, ban leƙa gidan ba.

Wata Laraba ce a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. Da hantsi na ga mutumin Filato yana bin injuna ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuyawa yana yi wa kowa magana a kunne. Da ya iso wajena ya sa na kashe injin. Ya ce motar Bompai ta zo kwasar fanko, an duba lambobin da ke gindinsu, ɗaya babu.

Na ce, "To ni ɓarawo ne da za ka kashe mini inji?"

Ya ce, "Ban gaya wa manaja ba tukuna. Ba aikin kowa nake nema ba, Malam. Duron nake nema."

"Don duro ɗaya na mai kake wannan zufar?"

"Ba mai ba ne. Baƙaƙen sun ƙare wa mutanen Bompai, sai suka zubo maganin hana ɗanyar fata ruɓewa a shuɗi, suka liƙa takarda. Rana ta ɓamɓare takardar. Maganin nan roba shan sa take yi, kamar yadda tukunyar ƙasa ke shan mai. Ko shekara za a yi ana wanki ba ya fita. In aka zuba ruwa, kullum yana saki kaɗan-kaɗan."

Na tambaye shi, ina ƙoƙarin muryata ta fito daidai, me zai sami wanda ya sha. Ya ce ba lallai mutum ya faɗi nan take ba, a hankali yake cin hanta. Ya tsaya yana kallona. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na kunna injina na ce ban san komai ba.

Fata uku na tura, ta ukun na yaga ta biyu. Inna ba ta shan shayi, ba ta shan lemo, ruwa ne abin shanta, moɗa guda take shanyewa in ta idar da salla. Ina tsaye ina lissafin kwanaki, sha tara na samu. In na yi magana aikina ya tafi, a lokacin da ake ta sallamar mutane kuma babu mai ɗauka. Kunya nake ji har yau in na tuna cewa sai da na auna wannan da wancan. Na cire safar hannu na yi hanyar geti, ban nemi izinin kowa ba.

Ban kai titi ba na ji babur a bayana. Shi ne, da rigarsa ta aiki. Bai ce na kama ka ba, bai ce komai ba sai, "Hau. Ina ne?"

Na ce, "Panshekara. Gidan mahaifiyata."

Ya ja babur ɗin nan kamar ba shi ne mai magana a hankali ba. Muna ratsa tireloli, warin magudanar kamfanoni yana dukan hanci, ni kuwa bakina sai salati.

Na bar shi a soro na faɗa gidan ko sallama ban gama ba. Inna tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa, lafiyarta ƙalau. Sai na dubi gindin bishiyar da na ajiye duron, babu shi, sai zagayen da ya bari a ƙasa.

"Inna, ina duron nan?"

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai kuma lafiya, ka shigo wa mutane kamar an koro ka? Ba gaisuwa?"

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Don Allah Inna, kun sha ruwa a cikinsa?"

Ta ce a'a. Da ta dube shi da kyau ta ga ya fi ƙarfin tsohuwa ita kaɗai, randarta ta ishe ta. Shekarar mahaifinmu biyu ke nan da rasuwa, kuma tun lokacin take son ta yi masa sadakar da ba ta yankewa. Sai ta aika da shi masallacin unguwa, a riƙa zuba wa masallata da masu wucewa ruwan sha.

Na ce, "Innalillahi! Inna, guba ce a cikinsa."

Ta aje faifan. Inna 'yar malamai ce, ta yi karatun littattafai a gaban mahaifinta, ba a yi mata gardama a kan tsarki. Ta ce, "Wace irin guba? Da hannuna na wanke shi sau bakwai, na farko da ƙasa, kamar yadda ake yi wa ƙwaryar da kare ya lasa. Na ƙara da toka da sabulu. Na zuba ruwa ya kwana, na duba, launinsa bai sauya ba, ba wari, na ɗanɗana ba komai. Ruwan da ya cika waɗannan ko alwala an yi da shi. Kai ne za ka koya mini wankin mazubi?"

Sai muryar mutumin Filato ta taso daga soro. Ya gaishe ta, ya ce, "Mama, wankinku daidai ne, babu datti a ciki. Amma wannan ba datti ba ne, ya shige cikin jikin robar. Ni nake haɗa shi, da safar hannu biyu nake taɓa shi."

Inna ta juyo. Ta dube ni ta ce, "Ba ka ce mini rabonka ne aka ba ka ba?"

Na tashi na fita da gudu.

Masallacin ba nisa, ƙarami ne, na bulo da rufin kwano. An fara taruwa don azahar. Mutumin Filato ya tsayar da babur a tsallaken hanya ƙarƙashin darbejiya, ya ce zai jira a nan. Daga nesa na hango duron a bakin ƙofa, shuɗi fes, an ɗaura masa moɗa da igiya, tsohuwar randar masallacin tana gefensa. Wani dattijo mai tura kura ya buɗe murfin, ya ɗebo, yana kai wa baki.

Ban yi magana ba, na doke moɗar daga hannunsa. Na sa kafaɗa na ture duron, ruwan ya malale har kan takalman mutane. Ina ihu, "Kada wanda ya sha! Guba ce!"

Wai! Nan da nan aka rufe ni. Wani ya shaƙe mini wuyan riga, wani yana cewa taɓin hankali ne, wani yana cewa a bar shi ɗan Hajiya ne. Sai na ji wata murya a baya ta ce, "Guba a ruwan masallaci? Wa ya zuba?" Wani ya amsa, "Wancan fa na kan babur waye? Tare suka zo. Ba ɗan unguwar nan ba ne."

Na ga kawuna suna juyawa tsallaken hanya. Yana tsaye da rigar kamfani, safar roba tana leƙowa daga aljihunsa, kowa ya gan shi ya san baƙo ne kuma ba masallaci ya zo ba. Shekarun nan garin ba ya son irin wannan magana, ƙaramin abu ke zama babba kafin a gama tambaya. Matasa uku har sun fara takawa. Shi kuwa bai hau babur ɗinsa ba, ya tsaya ƙyam yana kallona.

Na fizge wuyana na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba ko a kamfani. Na ce, "Ku dawo! Babu ruwansa! Ni ne! Ni na sato duron nan daga wajen aikinmu, na yi wa mahaifiyata ƙarya na ce ba ni aka yi. Maganin fata ne a cikinsa. Mutumin can shi ya gano, shi ya kawo ni a babur ɗinsa don kada ku mutu!"

Waɗannan mutanen sun san mahaifina, wasunsu su suka ɗauki gawarsa. Liman ya fito daga ciki, ya sa aka sake ni, ya aika a kira baƙon da mutunci. Ya tambaye shi alamomin ciwon, ya juya ya tambayi jama'a ko akwai mai jin haka. Aka dubi juna. Wani ya ce ya yi ciwon ciki kwana biyu ya wuce. Yawanci suka ce su daga randa suke sha, ta fi sanyi.

Sai aka fara kiran salla, na ji muryar ba wadda na sani tun ina yaro ba ce. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina Baba ladani?"

Liman ya ce, "Yau kwanansa shida a kwance. Mun ɗauka tsufa ne da zafin nan." Bai ƙarasa ba ya tsaya, ya dubi duron da ke kife. Ladani ne ke cika shi kowace safiya, kuma a inuwar masallacin yake wuni.

Bayan salla muka same shi a ɗakinsa, ya rame, idanunsa sun yi ɗorawa. Muka sa shi a a-kori-kura zuwa asibiti a cikin gari. Mutumin Filato ya rubuta sunan maganin a takarda ya ce a ba likita hannu da hannu. A hanya kan tsohon yana kan cinyata. Ya buɗe ido ya gane ni, ya ce, "Ɗan Hajiya, kai ne da wahala haka? Allah ya yi albarka." Ba wanda ya gaya masa komai, ni ma na kasa.

Washegari na ɗaura duron a bayan keken aro na mayar da shi Challawa, na shiga ofishin manaja na faɗi abin da na yi. Aka sallame ni, ban yi musu ba, karo na farko a rayuwata. Daga baya na sami aiki a Sharada, na ƙare a Bompai, kuma duk inda na je an san ni da masifa a kan duro da galan da buhun magani. In ana taro aka ce a roƙi ma'aikata, a wayar musu da kai, sai in ce roƙon me? Ni an yi mini bayani tiryan-tiryan ban ji ba. A sa dole, kuma a sa wa kowane kamfani, ba ɗaya ba. Da a ce ko'ina duro komawa yake yi, da ranar da aka ga shuɗi a ƙofar masallaci wani ya tambayi daga ina ya fito. Amma a lokacin kowane gida akwai irinsa, wa zai tambaya?

Baba ladani kwana huɗu ya yi a asibiti ya cika. Na tare likitan na ce ya gaya mini gaskiya, maganin ne? Ya ce hantar ta lalace, tsoho ne, ba zai rantse a kan ko ɗaya ba. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Ina ta gaya wa kaina cewa mutane da yawa sun sha ba abin da ya same su.

Ranar sadakar uku Inna ta yafa mayafinta ta ce in wuce gaba. Tun ranar Larabar nan ba ta yi mini magana ba sai amsa gaisuwa. Muka shiga wajen matar marigayin, tsohuwa ce ita ma, tana zaune a kan tabarma da carbi. Inna ta jira mata suka ragu, ta matsa kusa ta ce, "Yaya, na zo ne ki ji daga bakina. Duron nan ni na aika da shi."

Daga bakin ƙofa inda na durƙusa na ce, "Ni na sato shi. Inna ba ta sani ba."

Tsohuwar ta ce ta riga ta ji, kwana ne ya ƙare, ta yafe mana duniya da lahira. Ta ci gaba da jan carbinta. Can sai ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani abin kirki da mijinta ya yi:

"Ai tun kwana na uku ya ce mini in ruwan ya sha rana yana maƙaƙi a wuya, shi ya sa mutane suka koma randa. Na ce to ka faɗa wa liman mana. Ya ce haba, sadakar Hajiya ce ta yi wa mijinta, in aka ɗauke duron ta ji, da wane ido zai dube ta? Ya ce kuma ba zai bari ruwan ya riƙa kwana ba a sha ba, marigayi ya rasa lada. Sai ya daina shan na gida. Har a buta yake ɗebo shi ya kawo, da shi nake dama masa fura."

Inna ba ta yi kuka a wurin ba. Ta yi addu'a, ta yi sallama, ta miƙe. A soro ƙafarta ta gurɗe, na kai hannu zan riƙe ta, ta janye hannunta ta dafa bango.